A Sayi Keke Tare Da Hular Kwano: Kira Ga Iyaye Masu Jiran Haihuwa

FILIN RA'AYI
Daga wata ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, Sashen Awon Ciki da Haihuwa

  

A wannan fitowa ina so in ɗan kauce daga maganganun da muka saba yi muku na shan maganin ƙarin jini, da kwana cikin gidan sauro, da allurar rigakafi, in yi magana a kan keke da hular kwano. Na san wata za ta ce, "Sista, ni da nake fama da kumburin ƙafa, ina ruwana da keke?" Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, sannan ki miƙa wa maigida shi ma ya duba. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk gidan da ya iya saya wa yaro keke, ya kamata ya sayi hular kwano a rana guda, kuma kada a bar yaron ya hau sai tana kansa. Wanda bai samu kuɗin hular ba, ya jinkirta sayen keken har ya samu.

Kai ne abin da muka fi tsarewa

Idan kika lura, kusan rabin aikin ungozoma kula da kan jariri ne. Ranar awo muna laluba cikinki don mu ji ko kan ya juyo ƙasa, ko ya fara shiga ƙugu. A ɗakin haihuwa kan muke jira, idan ya taho mu tare shi da tafin hannu domin ya fito a hankali. Da an yanke cibiya an goge yaro, sai mu ɗauko tef mu auna kewayen kansa, wanda galibi yakan kama wajen santimita 34 ko 35. In an koma gida kuma kaka ce ke karɓar aikin. Ita ce mai cewa a sa masa hula, a tallafe masa ƙeya, kada a bar yayyensa su taɓa masa maɗiga. Duk wanda ya zo barka ya miƙa hannu zai ɗauki jariri, abin da zai fara ji shi ne, "A kula da kansa."

Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ilimin likitanci ya yarda da ita. Matsalar ita ce muna sakinta da wuri. Maɗiga takan rufe galibi tsakanin wata 12 zuwa wata 18, daga nan sai hankalin kowa ya kwanta, a ɗauka kai ya gama ƙwari. Alhali ƙwaƙwalwar da ke ciki ba ta gama ginuwa ba. Sai yaro ya kai shekara biyar zuwa shida take kai wajen kashi 90 cikin ɗari na girman ta babban mutum, kuma sashenta da ke auna haɗari da yanke shawara yana ci gaba da nuna har bayan shekara ashirin. Bugu da ƙari, kan yaro ya fi na babba girma idan aka kwatanta da jikinsa. A jariri kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jiki, a babba kuwa wajen ɗaya cikin takwas. Shi ya sa ƙaramin yaro idan ya faɗi, kai ne yakan riga isa ƙasa. To wannan yaron da muka sha wahalar tsare kansa, shi ne a shekara bakwai muke miƙa wa keke ya hau kwalta, kai ba komai.

Me ya sa nake gaya wa masu ciki?

Dalili shi ne, lokacin da ciki ya tsufa da kuma kwanaki arba'in na jego, su ne lokutan da yayyen jariri suka fi hawa titi. Uwa ta yi nauyi ba ta iya fita, maigida yana kasuwa ko ofis, sai aike ya koma kan ɗan shekara takwas ko goma. Shi ne kai niƙa, shi ne cefane, shi ne sayo gawayi ko itacen wankan jego, shi ne karɓo magani a kemis bayan magariba. Sau da yawa a keke yake zuwa, da jarka ko buhu ɗaure a kariya, wani lokaci ga ƙani a goye. Ranar suna kuwa gida ya cika, kowa yana hidimar baƙi, yara sun taru a waje suna karɓa-karɓa da keke guda, ana tsere ana sakin hannu, babu babba ko ɗaya da idonsa ke kansu.

Har ila yau, keke ya dawo da ƙarfinsa a garuruwanmu. Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, iyaye da dama suka ga gara su saya wa yara keken zuwa boko da Islamiyya. Wannan dabara ce mai kyau kuma ina goyon bayanta, domin hawan keke motsa jiki ne, yana ƙara wa yaro lafiya, yana rage wa uba ɗawainiya. Sai dai titin da yaran ke bi shi ne wanda tirela da tifa da A Daidaita Sahu suke bi, ba a ware wa keke tasa hanyar ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba a duniya wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, duk da ƙarancin motocinta. Ke nan yaron da muka tsallakar daga ƙyanda da gudawa da zazzaɓin cizon sauro, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jiransa a gaba shi ne titi.

Abin da ke faruwa idan kai ya bugu

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, kamar awarar da ba a soya ba, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya taho da gudu ya daki kwalta ko bakin kwalbati, ƙoƙon yana tsayawa nan take, ita kuwa ƙwaƙwalwar sai ta ci gaba da tafiya ta daki ƙashi daga ciki, ta dawo ta daki ɗaya ɓangaren. A nan ne take ƙujewa, ko jijiyoyin jini su tsinke, ko ta kumbura. Hannu ko ƙafa idan suka kumbura suna da wurin buɗawa. Ƙwaƙwalwa kuwa a rufe take cikin ƙashi, saboda haka kumburi ko jinin da ya taru sai dai ya danne ta.

Kada a ce ai yaro ba ya gudu sosai. Kan da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya da rabi, ko da keken a tsaye yake, yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 20 a sa'a guda. Kuma ba sai mota ta buge yaro ba. Rami ya isa, yashi a kwana ya isa, haka akuyar da ta gitta, ko birkin da ya ƙi kamawa, ko bakin wandon da ya shiga kaca.

Sannan raunin kai ya bambanta da sauran raunuka. Fata ta yage a ɗinke, ƙashi ya karye a ɗora, na yara ma yana saurin haɗewa. Amma sashen ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya tsirowa sabo. Yaron da ya tsira daga mummunar buguwar kai yana iya tashi da farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko matsalar magana, ko yawan mantuwa da saurin fushi, har ka ga yaron da a da yake hadda kuma yana zuwa na ɗaya a aji ya koma ba ya riƙe karatu. Wani lokaci iyaye ba sa ma danganta wannan da faɗuwar da aka yi watanni baya, sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawon neman magani.

Nauyin jinyar kuma a kan uwa yake sauka. Ki yi tunanin mai jego da ɗan sati biyu a hannu, ga babban ɗanta a kwance a sashen taimakon gaggawa. Hoton ƙwaƙwalwa yana da tsada, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar nan, galibinsu a manyan asibitocin koyarwa suke, iyalin da ke ƙauye sai sun yi tafiyar sa'o'i kafin su iso gare su. A irin wannan ciwo kuwa kowace sa'a tana da muhimmanci.

Yadda hular take aiki

Hular kwano ta keke sassa uku gare ta. Akwai ɓawon roba mai santsi a waje, wanda ke sa kai ya zame a kan kwalta maimakon ya maƙale. Akwai soso mai tauri a ciki, irin farin abin nan da ake tare sabon talabijin ko firiji da shi a cikin kwali. Sai madauri da ke riƙe ta a haɓa. Soson nan shi ne mai babban aikin. Idan aka faɗi, shi ne yake lotsewa ya shanye dukan, ya baza ƙarfinsa, ya sa kai ya tsaya a hankali. Kowace mace ta san bambancin ƙwan da ya faɗo a kan siminti da wanda ya faɗo a kan buhun dusa.

An daɗe ana bincike a kan wannan. A shekarar 2016 wasu masana biyu na Jami'ar New South Wales da ke Ostireliya sun tattara bincike guda 40 da aka yi a kan mahaya keke fiye da 64,000 da suka ji rauni. Sun gano cewa sanya hula yana rage raunin kai da kashi 51 cikin ɗari, mummunan raunin kai da kashi 69, raunin kai mai kisa da kashi 65, raunin fuska kuma da kashi 33. Saboda irin waɗannan hujjoji ne wasu ƙasashe suka mayar da abin doka. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta fara a 1990, ƙasar Niyu Zilan ta bi a 1994, Faransa kuma tun 2017 ta wajabta hula a kan duk yaron da bai kai shekara 12 ba, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi. Maganin da zai rage mummunar cuta da kashi biyu cikin uku, da a kwalba yake, da tuni mun yi layi a kansa.

Uzurorin da muke ji

Na farko shi ne, "Abin da Allah ya rubuta sai ya faru." Wannan gaskiya ne, babu mai musu. Amma ke da kika taso tun da sassafe kika kama layin awo, kin yarda da ƙaddara, kuma ba ta hana ki zuwa ba. Muna kulle ƙofa da dare. Muna rufe bakin rijiya saboda yara, kuma duk wanda ya bar tasa a buɗe yaro ya faɗa, unguwa ba za ta yi masa uzuri ba. Hular kwano murfin rijiya ce. Hausawa dai sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Na biyu shi ne tsada. Na san halin da ake ciki, ba kuma na raina wahalar kowa. Amma a yi lissafi da gaskiya. Kuɗin hular yaro bai kai na keken ba, bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, ballantana ragon suna. Hoton ƙwaƙwalwa guda ɗaya ya ninka shi, ba a ma yi maganar gado da magani da kwanakin da maigida zai yi bai fita nema ba. Idan ana rubuta kayan haihuwa da na fitar suna, a sa hular yayan jariri a cikin lissafi. Kawu ko baffan da ya yi wa yaro alkawarin keke idan ya yi sauka ko ya ci jarrabawa, a roƙe shi ya cika ladansa ya haɗa da hula. Mai adashi kuma ta ware wani abu ranar ɗaukarta.

Na uku shi ne zafi. Mutane da yawa suna ɗauka irin ta babur ce mai nauyi da rufe fuska. Ta keke daban ce. Tana da ramuka da iska ke shiga, fuska a buɗe take, kuma nauyinta galibi bai wuce giram 300 ba. Yaro zai yi gumi, musamman a watannin bazara, amma gumi ana share shi.

Na huɗu shi ne kunya, wai abokai za su yi masa dariya, wai ba al'adarmu ba ce. Manya daga cikinmu za su tuna abin da ya faru a watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sanya hular kwano. A Kano da wasu garuruwa an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, wasu robar fenti, don kawai su wuce jami'ai, har labarin ya zaga duniya. Fasinjoji kuma suka riƙa ƙin sawa, wasu don tsoron cutar fata, wasu don jita-jitar cewa ana tsafi da hulunan. Darasin da na ɗauka daga wannan shi ne, doka ba ta shiga kan da bai gamsu ba. Wanda ya sa hula don tsoron jami'i zai cire ta da ya sha kwana. Gamsuwa kuwa a gida ake samunta, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ba keken farko mai ƙananan tayoyi a gefe tare da hula, zai tashi yana ganin haka ake hawan keke, kamar yadda ya tashi yana ganin ba a shiga banɗaki ba takalmi. A bar shi ya zaɓi launin da yake so, a rubuta sunansa a ciki. Hula ce tasa shi kaɗai, don haka babu maganar makero ko ƙwarƙwatar wani. Uba kuma idan yana hawa keke ko babur, ya sani tasa hular ta fi duk wa'azin da zai yi wa ɗansa tasiri.

Na biyar ya shafi 'yan mata. Ana iya ɗora hular a kan siririn ɗankwali ko hijabi, in dai kitson kwantacce ne, ba mai tudu a tsakiyar kai ba. Abin da za a kula da shi sosai shi ne a tattare bakin hijabi da zani, domin idan suka shiga kaca ko wayoyin taya suna fizgo yarinya ƙasa, wani lokaci har su shaƙe ta.

Akwai kuma magana ta shida, wadda masu ilimi kan kawo, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Sukan ce hula ba ta hana haɗari, kuma ba za ta ceci yaron da tirela ta taka ba. Sukan kawo misalin ƙasar Holan, inda jama'a ke hawan keke sosai, galibi ba hula, amma saboda an ware wa keke hanyoyinsa kuma an rage gudun motoci a unguwanni, hawan keke a can ya fi na yawancin ƙasashe aminci. Na yarda. Haƙƙin gwamnati ne ta gyara tituna, ta sa abin rage gudu a gaban makarantu, ta hukunta masu tuƙin ganganci, kuma ya kamata mu ci gaba da neman haka. Na kuma yarda hula ba ta kawar da kowace irin buguwa. Amma yaronki gobe da safe zai tafi makaranta, a kan titin da muke da shi yau. Gyaran titi ba a hannunki yake ba, hular kuwa tana hannunki.

Yadda za a zaɓa a kuma sanya ta

1. A auna kan yaro da tef ɗin tela, a zagaya ta saman gira, a tafi kasuwa da awon, ko a tafi da yaron ya gwada. Kada a sayi babba wai don ya girma da ita. Hular da ke yawo a ka tana zamewa daidai lokacin da ake buƙatarta.

2. A duba cikinta. Ingantacciya tana da soso mai tauri da kauri, da takardar da ke nuna ta cika ƙa'ida, kamar EN 1078 ta Turai ko CPSC ta Amurka. Hular ma'aikatan gini da ta wasan yara ta roba zalla ba su da amfani a nan.

3. A yi hattara da ta gwanjo. Idan an taɓa faɗuwa da ita, soson ya riga ya lotse ko da ba a gani daga waje. In dole sai ita, a duba ko akwai tsagewa, ko lotsawa, ko madaurin da ya tsufa.

4. Ta zauna daidai a ka, ta rufe goshi, tsakaninta da gira kada ya wuce faɗin yatsu biyu. Kada a tura ta ƙeya kamar yadda samari ke karkata hula.

5. Madaurin ya haɗu a ƙarƙashin kowane kunne, a ɗaure shi a haɓa yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga. Hular da ba a ɗaure ba daidai take da babu.

6. Idan yaro ya faɗi kansa ya bugu da ita, ta gama aikinta, a sake wata.

7. A cire ta idan an sauka daga keke. Kada yaro ya hau bishiya ko lilo da ita, domin madaurin yana iya maƙalewa ya shaƙe shi.

Tare da hula, a riƙa kai keken wurin mai gyara yana duba birki da taya da kaca. Kada a ba yaro keken da ya fi ƙarfinsa, irin wanda sai ya zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe yake tuƙawa. A hana goyo da lodi mai nauyi, a hana fita bayan magariba ba fitila, kuma yaron da bai kai shekara goma ba a tsayar da shi a cikin unguwa, kada a aike shi inda sai ya tsallaka babban titi.

Jarirai da babur

Ba zan rufe ba sai na taɓo babur. Duk da cewa an hana sana'ar acaɓa a cikin birnin Kano tun 2013, a garuruwa da ƙauyuka da dama babur ne motar iyali, kuma da yawanku a kansa kuke zuwa awo, da yaro ɗaya a kan tanki, wani a tsakiya, wani a goye. Wani babban nazari da aka fitar a 2008 ya nuna hular babur tana rage mutuwa da wajen kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Saboda haka maigida ya sa tasa, ya samar wa uwargida tata. A lura cewa hular keke ba ta isa a kan babur ba, don ba a yi ta domin irin wannan gudun ba.

Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba kuwa, babu hular da ta dace da shi, domin wuyansa bai yi ƙwarin ɗaukar nauyinta ba. Shawarar likitocin yara ita ce kada a ɗora shi a kan keke, babur kuwa ya fi keke haɗari. Ranar sallama daga asibiti da ranakun rigakafi, a daure a nemi mota ko A Daidaita Sahu. Inda babu sai babur, a tafi da rana, a hankali, a rage yawan mutane, kuma kada a zaunar da yaro a kan tanki. Mai ciki kuma idan ta faɗi daga babur ta zo asibiti a ranar ko da ba ta jin komai, domin mabiyiya tana iya ɓallewa daga jikin mahaifa ba tare da an ga jini nan take ba.

Idan yaro ya faɗi ya bugi kansa

A kawo shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ya suma ko da na ɗan lokaci ne, yana ta amai, yana yawan barci ko yana wuyar tashi, yana jijjiga, ciwon kai yana ƙaruwa, jini ko ruwa yana fita ta kunne ko ruwa fari ta hanci, maganarsa ta sauya ko ya rikice, hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. A jariri kuma, kumburin maɗiga, ko ƙin kama nono, ko kukan da ba ya tsayawa.

Ina so a riƙe wannan da kyau: tashin yaro ya ci gaba da wasa ba ya nufin an tsira. A gefen kai, saman kunne, ƙashin siriri ne kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsinke, yaro yana iya tashi garau, ya ci abinci, ya yi hira, sai bayan wasu sa'o'i jinin ya taru ya danne ƙwaƙwalwa ya faɗi. Idan an kawo shi da wuri, tiyata tana ceton ransa. Don haka a sa masa ido sosai na kwana biyu, har cikin dare a riƙa duba shi.

Idan ya suma, kada a ciccibe shi ana jijjigawa, kada a ɗura masa ruwa ko madara. A riƙe kai da wuya a miƙe daidai da jiki, in yana amai a juya shi gaba ɗaya ya kwanta a gefe. A danne rauni a hankali da tsumma mai tsabta, kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki. Kada a toshe kunnen da ke zubar da ruwa. Ban da farasitamol, kada a ba shi wani magani, musamman asfirin. Idan a kan babbar hanya ne, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura ita ce 122.

Kira na ƙarshe

Ina kira ga masu sayar da kekuna su riƙa ajiye hulunan yara, su faɗi kuɗin keke da hula a haɗe. Masu ba da hayar keke a unguwanni su tanadi nasu, suna wankewa. Shugabannin makarantun boko da na Islamiyya, waɗanda suka iya hana yaro shiga aji don bai sa kayan makaranta ba, za su iya cewa duk mai zuwa da keke ya zo da hula. Masu unguwanni da limamai su taimaka da tunatarwa. Mu ma ma'aikatan lafiya ya kamata mu sa wannan batu cikin jawabin da muke yi ranar awo da ranar rigakafi.

Amma aikin na gida ne. Maigida, kai ne mai sayen keke, kada ka shigo da shi gida shi kaɗai. Iyayenmu kakanni, ku ne ake jin maganarku, yadda kuke tsare maɗigar jariri ku tsare kan yayansa. Ke kuma 'yar uwa, kafin naƙuda ta zo, ki zauna da maigida ku tsara wa zai riƙa yin aike a kwanakin jego, ina yaro zai je, ina ba zai je ba. Wadda ta sayi hula take shakkar ko ta yi wa yaron daidai, ta zo da shi da ita ranar awo, za mu duba mata. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana zuri'a, ya kare su a gida da hanya. Amin.